Ɗana yana son 'yan wasan besbol su sa masa hannu a kati: ta gidan waya ko a filin wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a unguwar Bronx ta birnin New York. Ɗana mai shekara 11 ya kamu da son tara katunan 'yan wasan besbol, yanzu kuma ya matsa lamba sai 'yan wasan sun sa masa hannu a kansu. Abokansa na makaranta sun ce masa ana aika kati ta gidan waya ya dawo da sa hannu. Na kai shi filin Yankee Stadium, muka dawo hannu rabbana. Ni ban tashi da wannan wasa ba. Da gaske ne ana amsa irin wannan wasiƙa? Wace hanya ce ta fi? Kuma katin da aka sa wa hannu yana yin kuɗi ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka. Abokansa ba su yi masa ƙarya ba. Tun shekaru da dama yara a Amurka suke rubuta wa 'yan wasa wasiƙa, su saka kati a ciki, katin ya dawo da sa hannu. Masu harkar suna ce mata TTM, wato "through the mail", ma'ana ta gidan waya, kuma da waɗannan haruffa uku za ka nemi bayani a intanet. Sai dai akwai abin da abokan nasa ba su faɗa masa ba: wanda ya fi so ya amsa shi ne wanda ya fi wuyar amsawa. In ya aika wa Aaron Judge ko Shohei Ohtani kati, ya sa a ransa cewa da wuya ya sake ganinsa. Wasiƙun da ke zuwa wa irin waɗannan taurari sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma manya da yawa suna da yarjejeniya da kamfanonin da ke sayar da sa hannunsu. Don haka shawarata ta farko ita ce ku sauko ƙasa. Ku fara da tsofaffin da suka yi ritaya, da masu horarwa, da samarin da ke ƙananan rukunai, wato gasannin da ke ƙasa da babban rukunin besbol na Amurka. A nan ne harkar take da daɗi, a nan ne kuma ake samu.

Ga yadda ake haɗa wasiƙar. Ambulan biyu kuke bukata, babba da ƙarami. Ƙaramin ka rubuta adireshinku a tsakiyarsa, ka manna masa kan sarki, domin a cikinsa katin zai dawo. Kada ka taɓa tsammanin ɗan wasa zai saya maka kan sarki da kuɗinsa. Wasiƙar da ba ta zo da ambulan na dawowa ba, a kwandon shara take ƙarewa. Kan sarkin Forever za ka saya, wanda gidan wayan Amurka ya fito da shi a 2007. Dalili kuwa shi ne ba ya tsufa: ko an ƙara kuɗin aika wasiƙa, yana nan daram. Wannan yana da muhimmanci, don wani ɗan wasan yakan amsa cikin mako biyu, wani sai ƙarshen kakar wasa, wani kuwa sai bayan shekara biyu ko uku ya buɗe buhun wasiƙunsa. A cikin babban ambulan sai a saka ƙaramin, da wasiƙar, da kati ɗaya ko biyu. Kada a wuce biyu. Wanda ya tura kati shida iri ɗaya, kallon ɗan kasuwa ake yi masa. Kada kuma a saka katin cikin rigar roba mai tauri. Tana sa gidan waya ya ƙara kuɗi saboda ambulan ba ya lanƙwasuwa a inji, kuma akan samu ɗan wasa mai sauri ya sa hannu a kan robar maimakon katin. Farin kati mai ɗan kauri a gaba da baya ya wadatar.

Wasiƙar ita ce zuciyar abin, kuma a kanta nake so ka tsaya wa yaron. Ya rubuta da hannunsa, ba da kwamfuta ba, ko da rubutun yana karkacewa. Layi biyar ko shida sun isa. Ya gaishe shi, ya faɗi sunansa da shekarunsa, ya ambaci abu ɗaya takamaimai game da mutumin, sannan ya roƙi sa hannu, ya yi godiya. Abu ɗayan nan shi ne ke raba wasiƙar da aka karanta da wadda aka jefar. Bayan kowane kati akwai tarihin mai shi: garin da aka haife shi, ƙungiyoyin da ya yi wa wasa, shekarar da ya fi haskakawa. Yaro ya juya katin ya karanta, ya yi tambaya ɗaya. Wane mai jifa (wato wanda ke jefo wa mai bugu ƙwallo) ne ya fi ba ka wahala? Yaya ka ji ranar da aka fara kiranka babban rukuni? Dattijon da ya bar fili shekara 40 da suka wuce, in ya ga yaro ya san abin da ya yi, sau da yawa ba ya tsayawa a sa hannu kawai, sai ya ɗauki biro ya amsa tambayar a ƙasan takardar. A wurina wannan amsa ta fi katin daraja nesa ba kusa ba.

Akwai dattawan da masu tara kati ba sa mantawa da kirkinsu. Bobby Doerr na Boston Red Sox ya yi ta amsa wasiƙu har cikin shekarunsa na casa'in, ya rasu a 2017 yana da shekara 99. Haka Carl Erskine, mai jifa na Brooklyn Dodgers, wanda ya rasu a 2024 yana da 97. Na ambace su ne don ka gane cewa wannan ƙofa ba a buɗe take har abada ba. In yaron ya sami katin wanda ya yi wasa a shekarun 1950 ko 1960 kuma yana raye, da shi ya kamata a fara. Akwai kuma irin su Pat Neshek, tsohon mai jifa wanda shi da kansa mai tara kati ne, ya san zafin jiran wasiƙa, shi ya sa ya yi suna wajen amsawa. A ɗaya gefen, an yi irin su Mike Marshall, gwarzon masu jifa na 1974, wanda ya shahara da ƙin sa hannu, don a ganinsa bai dace yara su ɗauki 'yan wasa a matsayin gwanaye ba. Haƙƙinsa ne. Ka koya wa yaron tun yanzu cewa alfarma yake nema, ba bashi yake bi ba.

Maganar adireshi: ɗan wasan da ke kan ganiyarsa ana rubuta masa ta hannun ƙungiyarsa, wato sunansa, sunan ƙungiya, da adireshin filin wasa. Lokacin da ya fi kyau shi ne na atisayen share fage, daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, lokacin da ƙungiyoyi 15 suke Florida, 15 suke Arizona. Ƙungiyoyin New York biyu suna Florida: Yankees a Tampa suke, Mets kuma a Port St. Lucie. A wannan lokaci 'yan wasa suna da sarari, kuma samarin da ake gwadawa suna murna da ganin an san da su. Su kuwa waɗanda suka yi ritaya, akwai dandali irin su SportsCollectors.Net inda mutane ke rubuta wa suka aika wa, yaushe, da ko ya amsa. Kafin ku ɓata kan sarki, ku duba ko mutumin ya amsa wa wani a 'yan watannin nan. A nan za ku ga masu neman kuɗi, wasu dala 5 ko 10, wasu fiye, sau da yawa don wata gidauniyar taimako. Adireshin gida kuwa na wasiƙa ne kawai. Ba a zuwa ƙofar gidan mutum, ba a kiran waya, kuma in ya mayar da kati babu sa hannu, ba a sake damunsa.

Kada ku aika abin da ba za ku iya jure rashinsa ba. Katin da yaron ya fi ƙauna ya zauna a gida. A sayi irinsa na kuɗi kaɗan a aika.

Wani ɗan abu da ke ɓata wa sababbi rai: katunan zamani suna da sheƙi, tawada ba ta kama su, sai ta dunƙule ta zama ɗigo-ɗigo. Kafin a aika, a zuba 'yar hodar jarirai a kan katin, a murza da yatsa, a share da kyalle, ko a goge fuskar katin a hankali da farar magogar fensir har santsin ya ragu. Tsofaffin katunan kwali ba sa bukatar haka. In a fili ne, maka (wato alƙalami mai kaurin baki) ta Sharpie mai shuɗiyar tawada ce aka fi amfani da ita a kati. Amma ban da ƙwallo. Fatar ƙwallo tana shan tawadar maka, bayan 'yan shekaru sa hannun ya baje ya dushe. Ƙwallo biro mai shuɗi take so.

Yanzu ga zuwanku Yankee Stadium. Ban yi mamakin dawowarku haka ba, don yana cikin wuraren da suka fi wuya. Akan buɗe ƙofa kamar awa ɗaya da rabi kafin wasa, a lokacin masu gida sun gama atisayensu ko sun kusa. Kujerun gab da fili masu tsada ne, ana duba tikiti kafin a sauka. Ga kuma ragar kariya da duk ƙungiyoyi 30 suka tsawaita kafin a fara kakar 2020, wadda ta rage wuraren da ɗan wasa zai miƙa hannu ya karɓi kati. In za ku koma, ku isa kafin a buɗe ƙofa, ku nufi ɓangaren baƙi, wato gefen tasha ta uku (hannun hagu in kana bayan mai bugu kana kallon fili), da katunan 'yan ƙungiyar da ta zo, ba na Yankees ba.

Amma da ni ne, jirgin ƙasa zan hau da yaron mu tafi Coney Island kallon Brooklyn Cyclones, ƙaramar ƙungiyar Mets, ko mu tsallaka Bridgewater a New Jersey wajen Somerset Patriots ta Yankees. Tikiti da araha, fili ƙarami, 'yan wasa suna wucewa ta gabanka daga wurin motsa jiki zuwa mazauninsu, da yawansu kuma suna tsayawa. Kada ka raina su don ba a san sunansu ba tukuna. Pete Alonso, wanda daga baya ya zama tauraron Mets, a Brooklyn ya fara a 2016. Anthony Volpe yana Somerset a 2022, shekara ta zagayo ya zama ɗan wasan Yankees. Yaron ya tsaya a gaba, kai ka ja baya kaɗan, don yara ake fara kulawa. Alƙalamin maka a buɗe, kati a kan ɗan allo ko littafi mai tauri, ya kira mutumin da sunan mahaifinsa tare da girmamawa, ya ce don Allah, ya ce na gode. Ya tabbata katin na mutumin da ke gabansa ne. Lambar riga za ta taimaka. Mai jifan da zai fara wasan ranar ba a yi masa magana, haka al'adar take. Da an fara taken ƙasa kuwa, an rufe.

Sai batun kuɗi, kuma zan faɗa maka gaskiya don kada wani ya ruɗe ku. Ka ji labarin katin Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952 da aka sayar dala miliyan 12.6 a 2022. Wannan kati ba sa hannu ne ya ba shi daraja ba, tsufa ne da ƙaranci da kuma kyawun yadda aka adana shi. Katin ɗan wasa na tsaka-tsaki da ya dawo ta gidan waya, 'yan daloli ne kuɗinsa. Mai saye ba zai yarda da maganarka kawai ba, sai kamfanin tantancewa irin PSA ko JSA ko Beckett ya duba, kuma kuɗin dubawar kan fi kuɗin katin. Tsoron masu saye yana da tushe. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo gungun masu jabun sa hannu a wani bincike da ta kira Operation Bullpen, wanda Tony Gwynn na San Diego Padres ya taimaka a cikinsa bayan ya ga ana sayar da sa hannun da ba nasa ba. Bayan wannan ne, a 2001, hukumar babban rukuni ta kafa tsarinta na tantancewa mai tambari mai ƙyalli. Ko ta gidan waya ma ba tabbas ɗari bisa ɗari, domin akwai masu sa matansu ko sakatare su sa musu hannu, akwai masu hatimi, akwai masu inji. In kun samu, ku kwatanta da sa hannun mutumin da aka tantance a intanet. Ku kuma lura, katuna da yawa suna zuwa da hoton sa hannu da aka buga tun daga kamfani. Wannan ɗab'i ne, ba tawada ba.

Tun 1990, lokacin da kamfanin katuna na Upper Deck ya ɓoye katunan Reggie Jackson 2,500 masu sa hannu na gaske cikin ƙunshin katuna, kamfanoni suka gane cewa wannan yana jawo ciniki. Ina jan hankalinka a nan a matsayin uba. Sayen ƙunshi bayan ƙunshi da fatan a dace da kati mai sa hannu yana cin kuɗi, kuma yana koya wa yaro ɗabi'ar da ta yi kusa da caca. In akwai wanda yake so ƙwarai, gara a tara kuɗi a sayi katin nan guda wanda aka tantance, ko a je bikin baje kolin katuna inda ake biya a tsaya layi, ɗan wasan ya sa hannu a gaban idonku.

Tunda ba sayarwa za ku yi ba, ya roƙi a rubuta sunansa a kan katin. Hakan yana rage farashi a kasuwa, amma yana nuna wa ɗan wasan cewa yaro ne mai so, ba mai talla ba, kuma wasu da ke ƙin sa hannu sukan yarda in an ce a sa suna. Ku sami littafi ku riƙa rubuta sunan wanda aka aika wa, ranar aikawa, da ranar dawowa. Katin da ya dawo a bar tawadar ta bushe sarai in sabuwa ce, a saka shi a leda mai laushi, sannan a rigar roba, a ajiye inda rana da danshi ba sa kaiwa, don hasken rana yana cinye shuɗiyar tawada. Ku fara da wasiƙa goma zuwa ga tsofaffi goma da aka ga suna amsawa a bana, ku aika su rana ɗaya.