Kallo ya yi yawa, kuɗi bai zo ba: tambayoyinku kan tashar YouTube

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tasha a YouTube da nake nuna kiwon tantabara. Wani bidiyona ya samu kallo 20,000, amma kuɗin da ya kawo bai kai na wani mai kallo 6,000 ba. Ko kwange ake yi mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babu wanda ya yi maka kwange. YouTube kuɗin talla yake rabawa da kai, a dogon bidiyo kashi 55 cikin 100 naka ne, 45 nasa. Wanda ya kalli bidiyonka ba a saka masa talla ba, ya ƙara maka lamba kawai, ko sisi bai kawo ba, sai in mai biyan kuɗin YouTube Premium ne, wato tsarin kallo ba talla.

Ka shiga YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke duba alƙaluman tasharsa, ka buɗe bidiyon biyu ɗaya bayan ɗaya, ka duba RPM ɗin kowanne. RPM shi ne abin da ya shigo hannunka a kowane kallo 1,000 bayan an cire kason kamfani. Kada ka haɗa shi da CPM, wanda shi ne abin da masu talla suka biya kafin rabo, kuma kullum ya fi girma. Da yawa CPM suke kallo su yi ta lissafin dokin rano. A misali, kallo 20,000 a RPM na dala 1 dala 20 ne, kallo 6,000 a RPM na dala 4 kuwa dala 24.

Me ke sa RPM ya bambanta? Babban abu shi ne ƙasar da masu kallo suke, don masu talla sun fi zuba kuɗi a inda jama'a ke da ƙarfin saye, kamar Amurka da Ingila. Sai tsawon bidiyo: wanda ya kai minti 8 ne kawai za ka iya sa wa talla a tsakiya, mai minti 5 sai dai farko da ƙarshe. Lokaci ma yana da tasiri, talla kan yi tsada a Disamba ya faɗi a Janairu. Ka kuma leƙa alamar dala da ke gefen bidiyon. In ta zama ruwan ɗorawa maimakon kore, an taƙaita tallan da za a sa masa. In kuma ka ɗora waƙar wani a bayan muryarka, mai waƙar na iya karɓe kuɗin tallan, kai a bar ka da yawan kallo.

Tambaya: Ina koyar da saƙa. Mabiyana sun haura 1,000 amma sabon bidiyo da ƙyar yake kai kallo 200. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, yawan mabiya ba ya tilasta wa YouTube ya nuna musu komai. Abu biyu za ki duba. Na farko, cikin waɗanda aka nuna wa hoton bangon bidiyon, nawa ne suka danna? YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi suna tsakanin kashi 2 da kashi 10. In kina ƙasa da haka, hoton ko taken ne bai ja hankali ba. Hoton hular da aka gama saƙawa, an ɗauke ta kusa har ana ganin zaren, ya fi hoton tebur cike da kaya.

Na biyu ya fi muhimmanci a ganina, wato zanen da ke nuna inda mutane ke barin bidiyon. Ki lura da daƙiƙa 30 na farko. In layin ya gangaro kamar an sare shi a nan, galibi doguwar gaisuwa ce da roƙon a danna alamar bibiya. Wadda ta zo koyon saƙa so take ta ga ƙwarashi a hannunki tun daga farko. Ki nuna abin da za a saƙa, ki fara aiki, roƙon ya zo daga baya. Inda layin ya ɗan tashi sama kuwa, mutane ne ke komawa su sake kallo, watau wurin na da wuya ko yana da daɗi, kuma ya cancanci bidiyo nasa na kansa.

Tambaya: Gajerun bidiyo na Shorts za su cika mini awa 4,000?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Kallon da aka yi a jerin Shorts ba ya shiga lissafin awannin. Domin samun kuɗin talla ana buƙatar mabiya 1,000, sannan ko dai awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90. Kuma don Allah ka guji sayen kallo, ana gane shi a goge, yana iya jawo a rufe tashar. Bayan an karɓe ka cikin tsarin samun kuɗin talla, AdSense, wato hanyar da YouTube ke biyan masu tasha, ba ya sakin kuɗi sai sun taru sun kai dala 100, ana turawa tsakanin 21 da 26 ga wata.