Makullin babur ya ɓata, in haɗa waya?

Tambaya: Salam Malam, ina haya da babur a garin Gadarif na ƙasar Sudan, makullina ya faɗi a kasuwa, wani yaro ya ce zai haɗa min waya kawai in buga kik in wuce. Akwai matsala? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya kar ka yarda. Wayar da ke zuwa swici daga batir take, wuta 12 volt ce, kuma masu haɗin nan sau tari suna tsallake fiyus, to in waya tsirara ta taɓa ƙarfen babur sai ta yi zafi roba ta narke, ga tankin mai nan kusa, ga zafin Gadarif kai ma ka sani. In an kuskure waya ɗaya, CDI (na'urar da ke sarrafa wutar fulogi) na iya ƙonewa, kuɗinsa ya fi na makulli nesa ba kusa ba.

Sannan in kan babur a kulle yake haɗa waya ba ya buɗe shi. Kuma ɗan sanda ya ga wayoyi na reto ai ɓarawo zai ɗauke ka.

Tura shi wajen bakanike da takardunka a hannu, a sauya swici gaba ɗaya, ka yanko sifiya ka ajiye gida.