CRP ɗina ya hau, ko ina da kumburin ɓoye?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Shekarata 46, ina sayar da atamfa a kasuwar Dole. Kusan wata biyar ke nan kullum ina cikin kasala da ciwon gaɓoɓi. Ɗana da ke karatu a Yamai ya ce ƙila kumburin cikin jiki ne, in je a auna CRP. Na yi, aka rubuta 14. Lokacin ina shan maganin masassarar cizon sauro. Tun ran nan na kasa barci. — Wata Hajiya daga Zango, Damagaram

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki. Ɗanki bai yi kuskure ba, ranar awon ce ba ta dace ba.

CRP sinadari ne da hanta ke zubawa cikin jini idan jiki na faɗa da wani abu. Masassara kaɗai na iya kai shi sama da 100, har ciwon haƙori na ɗaga shi. Wannan 14 ɗin, a ganina, sawun masassarar ce.

Kumburin da ɗanki ke nufi kamar wutar ƙaiƙayi yake, sama toka, ƙasa yana ci. Awonsa mai gani da kyau shi ne hs-CRP, wato awon CRP mai iya gano ko ɗan kaɗan ne, wanda ake amfani da shi don ƙiyasta haɗarin ciwon zuciya. Tun 2003 likitocin zuciya a Amurka suka tsayar da ma'auni: ƙasa da miligiram 1 a lita haɗarin ciwon zuciya kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. In ya haura 10, a nemi wata cuta tukuna, sannan a sake. Kuma sau biyu ake yinsa, da ratar mako biyu, lokacin da ba zazzaɓi ba mura.

In kin ga VS a takardar awonki, wani awon kumburin ne: a tsayar da jini cikin siririyar kwalba awa ɗaya a ga yadda ya kwanta. Ni ban cika dogara da shi ba, don ƙarancin jini ko juna biyu na ɗaga shi.

Abin da ya fi damuna kasalar wata biyar ɗin nan ce, kuma CRP ba zai faɗi dalilinta ba. Ki bari ki warke, ki koma wurin likitanki ya duba yawan jini da sukari da hawan jini, ya taɓa gaɓoɓin da hannunsa. Ki gaya masa ko suna sanƙarewa da safe, da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su saki. Ki tafi da tsohuwar takardar.