Jatan Lande, Kaguwa da Kirefish: Abu Ɗaya Ne?

Wata baiwar Allah daga Gwammaja ta aiko da tambaya. Ta ce kirefish ɗin da take saye a kasuwar Sabon Gari tana daka wa miya, shi ne Bahaushe ke kira jatan lande? Kuma mene ne haɗinsa da kaguwa?

Hajiya, shi ne. Abin da 'yan kudu ke kira kirefish ƙananan jatan lande ne da ake kamawa a bakin teku, wuraren Oron a jihar Akwa Ibom, a busar da su, a kawo mana Kano cikin buhuna. A fahimtata, "jatan" daga "jatau" ya fito, wato sunan da muke ba mutum mai jar fata, domin wannan halitta tana yin ja da zarar ta ji wuta.

Kaguwa kuwa 'yar uwa ce. Masana halittu sun haɗa su a babban gida ɗaya mai suna Decapoda, wato masu ƙafa goma. Sai dai kaguwa ta naɗe wutsiyarta ƙarƙashin ciki tana tafiya a kaikaice, jatan lande kuma ya bar tasa a miƙe yana iyo da ita. A nan karin maganar nan ta zauna daram: kama da wane ba ta wane. Akan faɗe ta ne don a ja kunnen mai yanke hukunci da kallo ɗaya.

Wani ɗalibin Jami'ar Bayero kuma ya ce me ya sa suna ɗaya tal muke da shi na jatan lande, alhali littafinsu ya lissafa iri-iri? Ɗana, harshe yana raɗa suna ne ga abin da masu shi suke hulɗa da shi kullum. Dubi kifi: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, ƙurungu, giwar ruwa, kowanne da sunansa, saboda masuntanmu sun san su ciki da bai. Jatan lande baƙo ne a tukunyar Bakano, shi ya sa aka yi masa kuɗin goro.

Na ruwan daɗi yawanci dangi biyu ne. Akwai Palaemonidae, inda Macrobrachium yake. Macrobrachium sunan Girkanci ne, ma'anarsa "dogon hannu", kuma wanda ya ga namijinsa ya san sunan ya dace. Macrobrachium vollenhovenii shi ne babban da ke kogunan Afirka ta Yamma. Sai Atyidae, inda ake samun Atya gabonensis na kogin Kwara da Binuwai, mai hannaye kamar tsintsiya da yake tace abinci daga ruwa.

Wannan mai dogon hannun ba ƙaramin amfani gare shi ba. Yana cin dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya, amma 'ya'yansa sai a ruwa mai ɗan gishiri suke tashi. Da aka kammala madatsar Diama a kogin Senegal a 1986, hanyarsa ta toshe, ya ragu, tsargiya ta yawaita a yankin.

Don haka ina ganin ya kamata malamanmu na makaranta su riƙa cewa "jatan lande mai dogon hannu" da "jatan lande mai tsintsiya", yaro ya gane su da Hausa kafin a ɗora masa na Latin.