Fitilar hoton mahaifina ta daina cika: wace kondansa zan saka mata?

Tambaya daga Tawa: Malam, na gaji fitilar kyamara ƙirar Vivitar 283 daga mahaifina, wanda ya yi sana'ar hoto. In na sa batir sai ta yi ta ƙara siririya, amma jan idon da ke nuna ta cika ba ya kamawa. Mai gyaran rediyo ya ce kondansa ce, wato abin da ke tara wutar haskawa. Yaya zan gane madadinta?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi. Ɗan'uwa, kafin ka kwance komai, sa sababbin batir huɗu, ka bar ta a kunne wasu awowi ba tare da ka haska ba. Kondansar da ta shekara ashirin a akwati takan yi sanyi, wuta kuma na iya farfaɗo da ita. In ba ta tashi ba, to mai yiwuwa ruwan cikinta ya bushe. Zafin Adar ba ya barin irin waɗannan kaya.

Wajen buɗewa ne nake jan kunnenka. Batir ɗin volt 6 ne kacal, amma fitilar na ɗaga su zuwa wajen 300, kuma kondansa na riƙe wutar ko an cire batir. Kada a haɗa ƙafafunta da bakin ƙarfe. A sauke wutar da rezistans (abin rage gudun wuta) na 10 kΩ mai wat 5, a auna da mita, sannan a taɓa.

Amsarka tana rubuce a jikin kondansar. Dubi lambar da ke da V, galibi 330 ko 350: sabuwar ta yi daidai ko ta ɗara, kada ta gaza. Lambar µF kuwa ita ce yawan abin da take ɗauka, sai ka tsaya kusa da ta asali, don in ta yi yawa, gilashin zenon, wato ƙwan da ke haskawa, ne zai sha wuya. Auna tsawo da kauri da milimita, ka kuma ɗauki hoton gefen da ke da layin (−) kafin a narka dalma. Aka juya ƙafafunta wajen sakawa, tana iya fashewa.

A kasuwar Katako a Yamai, za a miƙo maka ta tsohuwar talabijin mai volt 400. Tana iya haskawa, sai dai ba a yi ta don juye wuta gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido ba, kuma da wuya ta shiga gurbin. Nemi wadda aka rubuta wa PHOTO FLASH, irin ta Rubycon ko Nichicon, ko da sai ka yi sautu. Ta cikin wata tsohuwar fitilar kuwa, sai sa'a, don ita ma ta kwana biyu.