Ɓaure ne ko ceɗiya a kaskon nan?

Malam, ka ce ka ciro ɗan tsiro a tsagar katanga a ƙauyenku wajen Ringim, ka dasa a kasko irin yadda Japanawa ke rainon bishiya 'yar ƙarama, wato bonsai, kana son sanin ɓaure ne ko ceɗiya.

Kada girman ganye ya ruɗe ka. Itacen da ake yawan datse wa saiwa da reshe ganyensa ƙanƙancewa yake yi, ko da gamji ne. Farin ruwan da ke fita in ka tsinki ganye ma ba shaida ba ne, duk danginsu suna da shi.

Shafa ganyen da yatsa. In ka ji kaushi kamar harshen saniya, ga shi kusan zagayayye, ɓaure ne. In santsi ka ji, kore shar, ɗan dogo, ceɗiya ce. Ita ce in ta girma take sako saiwoyi daga reshe kamar gemu. Durumi kuwa ganyensa sheƙi yake, faɗi a gindi, tsini a baki.

Ni dai na fi zaton ceɗiya, don tsuntsaye sun saba kai irinta jikin gini. Tsinki ganye ɗaya, ka je gindin wadda dattawa ke zama a garinku, ka jera su ka gani.