Gashin balbela ya ƙone da haske, gyara zai cece shi?

Malam, tambayarka ita ce ko gyara a kwamfuta zai ceci hoton balbelar nan da ta fito fari fat, ga ta kuma cak a tsakiyar hoto. Rabi zai gyaru, rabi ba zai gyaru ba. Zamanta a tsakiya abu ne mai sauƙi: ka yanke hoton ta koma gefe, ka bar fili a inda bakinta ya dosa, idon ya faɗo wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton. Kada dai yankan ya ci ƙafa ko jela. Farin da ya ƙone kuwa, in a JPEG ka ɗauka, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa ta matse, ka haƙura. In RAW ne, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, rage hasken wuraren da suka fi fari a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, wataƙila layukan gashin su ɗan dawo.

Dalilin shi ne kyamara tana auna hasken wurin gaba ɗaya, to in ruwan da ke bayan tsuntsuwar yana da duhu sai ta ƙara haske, farin ya tafi. Ni ma na sha yin wannan asarar kafin na saba rage hasken kyamara da mataki ɗaya, wato zuwa -1, tun wurin ɗauka, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Sannan kaifin da ka ƙara wa hoton wajen gyara ya yi yawa, har wani farin zobe ya kewaye wuyanta. A ido da baki kawai ake sa shi, a bar bayan da laushinsa.